Na Bakwai Kafin Na Ɗaya

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Afrilu, littattafai takwas suka shigo gidanmu a cikin kwalin tukunyar lantarki, an ɗaure shi da shuɗiyar igiya. Na kwance igiyar, na jera su a kan gadona bisa lambobin da ke bayansu, na ƙirga. Na sake ƙirgawa, domin mahaifina ya koya mini kada in yarda da ƙirga ɗaya. Takwas ne. Silsilar kuwa tara ce, duk mai karanta irin waɗannan labarai ya san haka. Daga na biyu har na tara kowanne yana nan. Na ɗaya ne babu.

Masu karatu, ga wanda bai san ni ba, ni ce Auta a gidanmu. Shekarata ashirin da bakwai, ina aiki a kantin magani. Mahaifina malamin tarihi ne, Allah ya yi masa rasuwa, ya bar ni da Mama da ɗaki guda na littattafai. Wanda ya aiko da kwalin kuwa Injiniya ne, mai gina gadoji, mutumin da ke nemana da aure tun bara. Ya ba ni shekara goma sha biyu, ya taɓa aure sau ɗaya sun rabu, babu haihuwa. Mama ta fara kiransa "ɗana" tun kafin ni in ce uffan. An tsayar cewa ƙarshen wata manyansa za su zo jin amsa, amsar kuma a bakina take. A gidanmu ba a yin dole. Abin da ake yi shi ne a dube ka, a yi ajiyar zuciya, a kau da kai.

Littafi ne ya haɗa mu. Ya shigo sayen maganin ido, ya tarar da ni na ɓoye wani a ƙarƙashin kanta ina karantawa. Irin labaran nan ne na duniyar ƙage, masu takobi da tsafi, waɗanda babu gwarzon kirki ko ɗaya a cikinsu: wanda ka jingina da shi a shafi na goma, shi zai sayar da kai a na ɗari. Ƙawayena suna cewa wannan karatu na masu baƙin ciki ne. Shi kuwa ya leƙa bangon ya ce, "Likita, kin kai inda aka ci amanar mai gadin ƙofa?" Ban taɓa samun namijin da ya san mai gadin ƙofa ba. Kada ku yi mini dariya, da ƙasa da haka ma ake kama zuciya.

Dole in yi muku bayanin wannan silsila, in ba haka ba ba za ku gane abin da ya biyo baya ba. Marubucinta ya fara fitar da littattafai shida a jere, labarin wani azzalumin sarkin yaƙi da ake yi wa laƙabi da Ambaliya, daga lokacin da ƙarfinsa ya cika har faɗuwarsa. Daga nan ya yi shiru shekara goma sha ɗaya. Da ya dawo bai ci gaba ba, baya ya koma: na bakwai da na takwas da na tara labarin ƙuruciyar Ambaliya ne, tun yana ɗan mai fito a bakin kogi. Shi ya sa masu karatu suka rabu gida biyu. Wasu na cewa a bi yadda aka wallafa, daga ɗaya zuwa tara. Wasu na cewa a bi yadda rayuwar mutumin ta gudana, bakwai, takwas, tara, sannan a dawo ɗaya. A zaurenmu na masu karatu a waya an kori mutum uku a kan wannan gardama, cikinsu har da wanda ya zagi kakar wani.

Wayata ta yi ƙara ina tsaye a kan littattafan. Injiniya ne.

"Sun iso?"

"Sun iso, na gode ƙwarai. Amma ɗaya ya ɓata a hanya."

"Bai ɓata ba, Likita. Ba kya buƙatarsa yanzu. Ki fara da na bakwai."

"Ni fa 'yar malamin tarihi ce. Daga ɗaya nake farawa."

"To ai shi ya sa. Tarihi daga haihuwa yake farawa, ba daga furfura ba."

Maganar tana da kai. Na ɗauki na bakwai.

Ba zan ɓata muku labarin ba, sai wuri ɗaya. Sojoji suka cika kwalekwalen uban yaron da dawaki, ya fara nutsewa, suka tura uwarsa cikin kogi don a rage nauyi. Yaron ya goya ƙanwarsa ya shiga fadama da ita, yana tafiya yana ba ta labarin gidan da zai gina mata. Ta daɗe da mutuwa a bayansa, shi bai sani ba, yana ta zuba. A bayan kanta na karanta wurin. Mai kantinmu ya fito ya gan ni, ya tambaya ko rasuwa aka yi mini.

Na rubuta wa Injiniya cewa ya kashe ni. Ya amsa nan take: "Kin gani? Yanzu duk abin da zai yi nan gaba za ki fahimce shi. Waɗanda suka fara da na ɗaya dodo kawai suke gani. Ke kin san yaron."

Na daɗe ina kallon saƙon. Abin da ya faɗo mini shi ne ranar da ya fara zama a falonmu, a kan kujerar mahaifina. Ya ba mu labarin rasuwar ubansa yana ɗan shekara bakwai, da kawun da ya riƙe shi da dukan bel, da yadda yake aikin makaranta a bayan takardar buhun siminti. Mama ta yi kuka har gefen mayafinta ya jiƙe. Ƙuruciyarsa ta ci mana yamma guda da butar shayi biyu. Aurensa na shekara huɗu kuwa jimla ɗaya ya ci: "Ƙaddara ce, ba mu dace ba."

"Na ɗayan yana ina?" na rubuta.

Alamar yana rubutu ta fito, ta ɓace, ta sake fitowa.

"Yana wurin waccan. Ta tafi da shi cikin kayanta. A bar maganar."

Bai taɓa kiran sunanta ba. Waccan.

Washegari Goggo, yayar mahaifina, ta zo da yadi kala uku a jaka, ita da autarta da muke kira 'Yar Lele. Suka baje su a kan tabarmar falo, Goggo tana ɗaga mai launin ruwan zuma tana kara mini a wuya.

"Wannan shi zai fito da ke ranar da za su zo. Ki daina sa baƙaƙen nan kamar mai takaba."

"Goggo, ina da tambaya. A cikin binciken da aka yi, wa ya je ya ji ta bakin matar da ya saka?"

Goggo ta sauke yadin. "Ji mini 'ya! Wace sakakkiya kika taɓa ji ta yabi mijin da ya sake ta? Ai wanda ya sha kaye ba shi ake tambaya yadda kokawa ta kasance ba."

"Yayanki ya je wurin aikinsa," in ji Mama, ba ta ɗago daga zaren da take warwarewa ba. "Ya je unguwarsu. Kowa alheri yake faɗa. Maraya ne da ya gina kansa da kansa, Auta. Me kuma kike nema?"

"Anti Auta, in ba kya so ki ba ni," in ji 'Yar Lele tana ɗaukar kanta hoto da yadin a kafaɗa. "Ni ko motar kaɗai ta ishe ni bincike."

Aka yi dariya, har da ni. Amma da na raka su bakin titi, 'Yar Lele ce ta raɗa mini cewa ta san tsohuwar matar tasa. Tela ce, shagonta na bayan tashar mota, a hawa na biyu, ƙawarta ta taɓa kai ɗinki can.

Mahaifina yana da wata magana da yake yi wa ɗalibansa. Yakan ce, idan aka ba ka labari, kada ka tsaya a kan ko gaskiya ne. Ka tambaya wa ya jera maka shi, me ya sa a gaba, me ya tura baya. Da wannan maganar na hau matakalar benen ranar hutuna.

Shagon ƙarami ne, keken ɗinki biyu, madubi mai tsatsa a gefe, riguna rataye a cikin leda. Mace ɗaya ce a ciki, doguwa, da tabarau, tana yanka yadi a kan tebur. Da hagu take riƙe da almakashi.

"Ɗinki ko gyara?"

"Anti, littafi na zo aro."

"Nan kika ga ya yi kama da laburare?"

"Na ɗaya nake nema. Sauran takwas suna wurina."

Almakashin ya tsaya. Ta dube ni daga mayafi har takalmi, ba da ƙiyayya ba, irin kallon da tela ke yi wa mai awo. Ta miƙa hannu ta kashe rediyo.

"Da wanne ya ce ki fara?"

"Na bakwai."

"Kin yi kuka a wurin fadama?"

"Na yi."

"Ni ma. Har kiransa na yi ina kuka. Ture yadin nan ki zauna, ƙanwata."

Ta durƙusa, ta ɗaga ƙafar teburin da kafaɗa, ta zaro wani abu daga ƙarƙashi. Littafin ne. Ƙafar teburin ta yi rami mai kusurwa huɗu a tsakiyar bangonsa.

"Tun da na buɗe shagon nan yake tallafe mini tebur. Duk zaman da muka yi, shi ne abu ɗaya da na fito da shi mai amfani."

Da dama ta miƙo mini, sai a lokacin na ga hannun. Yatsa biyu, na tsakiya da mai bi masa, sun karkace sun sandare, ba sa lanƙwasuwa. Ta ga na gani.

"Ƙofar ɗakin girki ce. Zai kulle ni a ciki, na sa hannu in tare. Ina so ki riƙe wannan da kyau, don shi ne duka labarin: ya dubi hannun, sannan ya rufe."

Na ɗora littafin a cinyata. Ƙarar motocin tasha ta cika shagon.

"Shi ya kai ni asibiti da kansa. A mota yana tuƙi yana kuka, yana ba ni labarin kawunsa da bel. Ni da yatsu a karye a cinya, ni ce mai ba shi haƙuri. Kin ji sakarci?"

"To ƙarya yake yi? Labarin ƙuruciyar?"

"Ko kalma ɗaya babu ƙarya. Na ga tabon a bayansa da idona. Da ƙarya ce ai da tun shekarar farko na tafi. Duk lokacin da ya ɗaga hannu, yaron nan nake gani, in ce wa zai bar maraya."

"Me ya sa ba ki gaya wa mutane ba?"

Ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Wa ya tambaye ni? Ke ce ta farko, ke ma littafi kika zo nema." Ta naɗe wani ƙyalle ta cusa a ƙarƙashin teburin. "Ba zan ce miki kada ki aure shi ba. An ce mutum yana sauyawa, ni dai ban tsaya na gani ba. Ki karanta. In kin gama, ki ajiye shi inda zai gani."

A motar haya na buɗe shi. Babu yaro, babu fadama. Shafin farko wani birni ne da ya miƙa wuya, dattawansa sun kawo makullan ƙofofi, Ambaliya ya karɓa, ya rantse musu da aminci. Da suka koma gida ya sa aka fasa madatsar ruwan da ke saman birnin. Ya zauna a kan tudu yana fere 'ya'yan itace, yana ƙorafin wuƙar ba ta da kaifi, ruwa yana cin mutane a ƙasansa.

Masu karatu, ga abin da na zo in faɗa muku, kuma ba na alfahari da shi. Ba Ambaliya ne ya firgita ni ba. Ni ce. Ina karanta yadda mata ke ɗaga jarirai sama da kawunansu, wata murya a cikina tana cewa: ai ruwa ne ya ci uwarsa. Littafi ɗaya tak na karanta a gaba, ya riga ya mayar da ni lauyarsa.

Duk da haka ban yanke hukunci ba. Na ce bakin mutum ɗaya na ji, kuma shekaru sun wuce. Ba adalci ba ne a kama mutum da shafin da ya riga ya juya.

Ranar Asabar da la'asar Injiniya ya zo, cikin farin yadi mai guga kamar takarda, agogon azurfa a hannu, turarensa ya riga shi shigowa. Na sa doguwar riga koriya mai duhu da zoben da mahaifina ya saya mini ranar da na gama makaranta. Littafin yana kan teburin tsakiyar falo, ramin bangonsa yana kallon sama.

Ya zauna, ya tambayi aiki, ya tambayi jikin Mama. Sannan idonsa ya sauka a kan teburin.

"Ina kika samo wannan?"

"Aro na yi."

"A wurin wa?"

"Ka san wurin wa. Ina so mu yi magana ne kawai. Dubi nan, farkon nan, da a ce da shi na fara..."

Na buɗe littafin, na sa yatsuna a tsakanin shafukan ina neman wurin. Ya ɗora tafin hannunsa a kan bangon, ya rufe shi a kan yatsuna. A hankali ya fara dannawa. Na ɗauka wasa ne, na yi murmushi, na ja. Bai saki ba. Ya ƙara nauyi, zoben ya shige cikin nama, na ji ƙashi yana gugar ƙashi.

Ba fuskata yake kallo ba. Hannun yake kallo.

"Na ce ki fara da na bakwai, ki biyo a hankali," ya ce, muryarsa ƙasa ƙasa, kamar mai karanta wa mara lafiya ƙa'idar shan magani. "Ba na son a zagaya ta bayana, Likita."

Labule ya motsa. Mama ta shigo da tire.

"Ɗana, ga shayi."

"Kai, Mama, da kanki? Ai da kin kira ni na ɗauko." Ya miƙe da hannu biyu ya karɓi tiren, har da ɗan rusunawa. Na zare hannuna na ɓoye a cikin mayafi.

Bai kai ƙarshen layinmu ba saƙonni suka fara shigowa.

"Ki yafe ni. Ban san abin da ya hau kaina ba."

"Kin san yadda na tashi. In na ji an yi mini abu a ɓoye sai in koma yaron nan da ke jiran kawunsa ya shigo."

"Ke kaɗai kika san yaron. Kada ke ma ki bar shi."

Wallahi sai da na ji tausayinsa. Da hagu na riƙe wayar, domin dama ta kumbura, kuma da hagun na rubuta "Ba komai." Na zauna ina kallon kalmomin biyu. Sai na tuna telar nan da almakashi a hannun hagu. Na goge.

Da sabulu Mama ta cire mini zoben. Goggo, da aka kira ta a waya ta iso ko mayafi ba ta daidaita ba, ta kama hannun ta juya shi.

"Wannan ɗan jan? Ni murfin tukunya ya yi mini wanda ya fi shi. A kan littafi za ki watsar da miji, Auta? Ubanki ne ya ɓata ki da karatun nan. Yaro maraya, ya ji kin je wurin tsohuwar matarsa, wane namiji ne ransa ba zai ɓaci ba?"

Mama ta juyo gare ni. Tana riƙe da zoben, tana goge sabulun da gefen zaninta.

"Kin tabbata ba kuskure ba ne?"

"Mama, yana kallon hannun."

Ta ajiye zoben. Sannan ta ce, "Ni zan kira yayanki, ya ce wa manyansa kada su wahalar da kansu." Ta tashi ta shiga ɗaki ta ja ƙofa. Ta yarda da ni, amma ta yi makonni ba ta dube ni ta yi dariya ba. Ɗa ta rasa, kuma ni na raba ta da shi.

Na mayar da takwas ɗin cikin kwalinsu, na ɗaure da igiyarsu, na aika masa. Na ɗaya na kai wa mai shi. Ba ta tambaye ni komai ba. Ta dubi yatsana, ta ɗaga tebur, na tura mata shi ƙarƙashi.

Ba a yi wata biyu ba aka fara ganin motarsa a ƙofar gidan Goggo. Na je na sami 'Yar Lele a ɗakinta tana shafa jan farce. Na gaya mata komai, ƙofar ɗakin girki, asibiti, falonmu. Na ce ta zo in kai ta shagon ta ga hannun da idonta.

Ta saurare ni har ƙarshe, tana hura farcenta. Da ta ɗago, idonta ya ciko da ƙwalla, na ɗauka maganata ce ta shige ta.

"Anti Auta, ai ya gaya mini komai, har abin da ya yi miki. Kuka yake yi. Ke dai ba ki da haƙuri ne. Kin san tun yana ɗan shekara bakwai..."

Ranar Asabar, sha tara ga watan Agusta, aka ɗaura auren Injiniya da 'Yar Lele. Ina cikin waɗanda suka jera mata ɗaki. A kan kantar da ke gefen gado akwai kwalin tukunyar lantarki, ɗaure da shuɗiyar igiya. Littafi takwas ne a ciki.